Yarona ya ƙwallafa rai a waya, kuma ba ya son ba kowa nasa: ina neman shawara

Maman Khalifa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yarana biyu, Khalifa ɗan shekara 5 da ƙanwarsa Hanifa 'yar shekara 3. Ɗinki nake yi a gida, babansu kuma direba ne, Zariya zuwa Kano, sai bayan isha'i yake shigowa. Lokacin ɗinkin ƙaramar sallah da aiki ya sha kaina na fara miƙa wa Khalifa wayata don ya bar ni in taka keke. Na ɗauka na kwana biyu ne, yau ga shi wata huɗu. Yana dawowa daga makaranta, ko takalmi bai cire ba, sai ka ji "Umma, waya." Abinci ba ya ci sai da katun a gabansa, tuwo ya huce hannunsa na cikin kwano. Har ƙarfe 11 na dare idonsa biyu, malaminsu na Islamiyya ma ya aiko cewa gyangyaɗi yake yi a aji.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne na Juma'ar da ta wuce. Kakarsu ta aiko musu da alkaki daga cikin gari. Almajirin da ke yi mana aike, yaro ne da bai wuce shekara 9 ba, ya shigo da ruwa, na ce Khalifa ya ba shi guda biyu. Sai ya damƙe ledar ya kai ta bayansa ya ce "nawa ne." Raina ya ɓaci, na fizge na ba yaron da kaina. Khalifa ya yi ta birgima a tsakar gida, shi kuma almajirin ya tsaya riƙe da alkakin yana kallon ƙasa, har ya fita bai kai baki ba. Wallahi abin nan ya tsaya mini a rai. A gidan da na tashi ba a sauke tukunya ba a zuba na maƙwabta ba.

Wata da nake yi wa ɗinki ta ce akwai littattafan yara na Hausa kyauta a intanet. Da gaske ne? A ina? Kuma in na canza katun da littafi a wayar, ba an gudu ba a tsira ba ke nan? Sannan ta yaya ake koya wa yaro kyauta ba tare da an yi abin da na yi ba?

Malama Ummu Aisha, Ƙofar Doka:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Da gaske ne, ni da su nake aiki, shekarata 14 ina riƙe da aji ɗaya da aji biyu na firamare. Guda uku na sani sosai. Akwai African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ke kula da shi. Akwai StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, tun 2015 suka buɗe shi. Sai Bloom Library, mai manhajar Bloom Reader da ake sa wa a wayar Android. Duk ukun za ki shiga wurin zaɓen harshe ki danna Hausa, kuma ba a biyan ko kwabo sai datar da kika kashe. In kin sauke littafi sau ɗaya ya zauna a wayar, ko babu data zai buɗe.

African Storybook sun jera nasu mataki biyar. Na farko kalmomi ne kaɗan a ƙarƙashin hoto, na biyu gajerun jimloli, a haka har na biyar, wanda babba ke karanta wa yaro. Khalifa ki fara masa da na ɗaya da na biyu, Hanifa kuwa hoton kawai ya ishe ta, ta nuna akuya ta ce akuya.

Amma ki fara karanta kowane littafi ke kaɗai kafin ki kai gabansu. Da yawa fassara ne, wasu Hausarsu ta zauna daram, wasu kuwa sai kin gyara da bakinki. Na taɓa samun wanda aka rubuta "kofa" da "baki" a wurin ƙofa da baƙi, babu lanƙwasa ko ɗaya, yara suka yi ta karanta abin da ba shi ake nufi ba.

Babban abin shi ne kada ki miƙa masa wayar ki koma kan keke. In kin yi haka, kafin ki ɗinke hannun riga ɗaya ya fita daga littafin ya koma katun. Wayar a hannunki, data a kashe, shi a cinyarki. Ki ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar kina ja a hankali. In kun zo ƙarshen shafi kada ki yi saurin wucewa, ki tambaye shi, "Me kake gani zai faru da yaron nan?" Ki bar shi ya yi ta zuba ko ba daidai ba ne. Hausa tana da sauƙin nan cewa yadda aka rubuta haka ake faɗa, in ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya iya haɗa gaɓa da gaɓa, za ki ga ya fara tsinto "baba" da "babu" da kansa. Minti 15 a rana ya isa. Zai ce a maimaita littafi ɗaya sau goma, ki maimaita masa, a nan karatun yake shiga.

Baba Malam, Kwarbai:

'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika damu. Maganar waya na bar wa masu ita, ni dai ban yarda da ita a hannun yaro ba ko da me aka zuba a ciki. Maganar alkaki zan yi.

Kin yi kuskure da kika fizge, kuma kin sani, shi ya sa abin ya hana ki sukuni. An ce masa kakarsa ta aiko masa, ya riƙe a matsayin nasa, sai kuma aka ƙwace a gaban wani. Abin da ya koya a ranar shi ne in almajirin nan ya shigo, to, nasa zai ragu. Shi ma almajirin kin sa shi jin kunya, don ya ga kukan da aka yi a kansa.

Mu ba da baki aka koya mana ba, da ƙafa ne. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, in ta kwashe tuwon dare, akushi uku take fara cikawa kafin namu. Ni ne ɗan aike tun ban fi Khalifa ba. Akwai wata tsohuwa makauniya a bayan gidanmu, in na yi sallama na ajiye, sai ta lalubo kaina ta dafa, ta yi ta sa mini albarka har sai na gaji da cewa amin. Ba tuwona na bayar ba, ban yi asarar komai ba, amma ni aka yi wa addu'ar. Da na saba da daɗin wannan, ran da aka ba ni rake na kaina, ba wanda ya ce in kai mata, na karya na kai.

To haka za ki yi. In za a ba almajirin abinci, ki zuba daga tukunyarki, ki ba Khalifa ya miƙa da hannu biyu, ya kira shi da sunansa. Yana da suna ai, ki tabbata yaranki sun san shi. In abin rabo ya shigo, tun kafin ya taɓa ki kasa uku a gabansa, wannan naka, wannan na Hanifa, wannan na bayarwa, wa za mu ba? Shi zai zaɓa. Nasa kuwa kada ki sake taɓawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu kare kanmu daga wuta ko da da tsagin dabino ne. In yaro ya gutsuro ɗan mitsitsi ya bayar, ki karɓa da mutunci, kada ki ce ya yi kaɗan.

Karatu kuwa, garin nan ba baƙonsa ba ne. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Mahaifina a zaure yake karanta jaridar da ƙarfi, mutane na zaune, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa, a nan na fara sha'awar boko. Ki gaya wa maigidanki, ko a gajiye ya dawo, ran da ba ya hanya ya zauna ya karanta musu shafi biyu. Kuma kada littafi ya kori "ga ta nan, ga ta nanku."

Anti Nas, Samaru:

Maman Khalifa, ni ta fannin lafiya zan shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13, har da na rana, da wasan motsa jiki na aƙalla minti 180. Kuma sun ce in yaro zai zauna, a yi masa karatu ko labari. Hanifa tana ciki sosai. Khalifa ya ɗan haura, amma yaron da ke kwanciya 11 ya tashi 6, awa 7 kawai ya samu, dole ya yi gyangyaɗi.

Abin da zan ɗan ƙara a kan maganar Malama shi ne batun dare. Ko littafi ne a ciki, hasken waya a fuskar yaro dab da kwanciya yana jinkirta masa barci. Na waya ki yi shi da la'asar. Bayan magariba a ajiye ta, har ke ma.

Wajen cin abinci ki cire ta gaba ɗaya. Zai yi kuka kwana biyu ko uku, zai ƙi ci, kada ki tsorata ki maye masa da biskit. A shimfiɗa tabarma, a wanke hannu da sabulu ba tsoma yatsu a kwano ɗaya ba, ku ci tare. Kafin kwanciya a goge haƙori, makilin kamar ƙwayar wake, don alkaki da alawa suna kwana a haƙori. Tunda damina ce, gidan sauro kullum, kuma in masu raba maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro sun zo gida, na yara wata 3 zuwa 59 ne, Hanifa ta karɓa, ki ƙarasa mata na kwana biyun da za su bar miki.

Abban Mus'ab, Sabon Gari:

Hajiya, ki haɗa maganar Malama da ta Anti Nas, ki sauke littafin ki kai shagon masu kwamfuta su buga miki a takarda. Littattafan an yarda a buga su a raba, ba sata ba ce. Ni baƙi da fari nake bugawa, ya fi araha, yaran su shafa kala da kansu. Kuma mu iyaye maza mu ji tsoron Allah, na lura ɗana bai rage naci a kan waya ba sai da na daina shigowa gida ina latsa tawa.

Maman Khalifa, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Sati uku ke nan, na ce bari in dawo in faɗi inda muke.

Baba, kun faɗi gaskiya, kuma na ba Khalifa haƙuri a kan alkakinsa. Almajirin sunansa Isuhu, yanzu Khalifa ne mai kai masa kwano, har ƙofa yake tsayawa yana jiransa. Daga nasa kuwa har yau bai ba da komai ba, ban kuma matsa ba.

Kwana huɗun farko na cire waya wajen abinci sun yi zafi, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Yanzu yana ci. Barci mun dawo 9, ban kai ga 8 ba tukuna, don yana son ya ga shigowar babansa.

Littattafai huɗu na bugo. Na jera shafukan, na yanko ragowar atamfa na yi musu bango, na bi gefen da keke, layi biyu, da allurar da nake ɗinka jins. Ɗaya na wani yaro ne da akuyarsa, shi Khalifa ya fi so, ya shafa wa akuyar shuɗi. Ranar Lahadi babansu ya karanta musu shi sau uku a jere.

Shekaranjiya ɗan maƙwabciyar tawa ya gani ya ce yana so. Na yi shiru ina kallo. Khalifa ya daɗe yana jujjuya littafin, can ya ce, "Aro ne, gobe ka kawo." An kawo jiya da tabon manja a shafi biyu, gefe ɗaya ya yage. Ya yi kuka sosai, ya ce ba zai ƙara ba kowa ba. Na liƙe yagewar, tabon dai ya ƙi fita. Malama, in sake bugo masa sabo ne, ko in bar shi da wannan ɗin? Kuma akwai na mataki na biyu da kika gwada a aji kika ga Hausarsa ta zauna? Jibi zan shiga Sabon Gari sayen zare, sai in bugo gaba ɗaya.