Neman Shawara Kan Motata Mai Ƙin Tashi Wasu Ranaku

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana injin dizal game da a-kori-kurar da nake ɗaukar dankalin turawa da ita daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada a nan Jos.

Wata biyu ke nan, wata safiyar tana tashi da bugu ɗaya, wata safiyar kuma kik ya yi ta juya injin da ƙarfinsa amma ta ƙi kamawa, sai farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai. Da farko na ɗora laifin a kan sanyin hunturu, na sauya batir da hita-fulog guda huɗu (masu ɗumama cikin injin kafin ya tashi), amma matsalar ba ta gushe ba. Abin da na lura da shi shi ne, idan ta kwana hancinta na kallon tudu, famfon hannu da ke kan matatar mai yakan yi laushi, kuma sai na danna shi kamar sau 20 ya yi tauri kafin ta tashi.

Bakanikena ya ce a kwance famfon injekta, wato famfon da ke tura mai cikin injin, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin aikin yana da tsada. Shin iska ce ke shiga layin mai? Ta ina ya kamata in fara dubawa, don Allah?