Kod ɗin da Django ke zubo maka: tushe ne ko tarko?

Lawali: Ni dai ina kan bakata. Kod ɗin da startproject, umarnin fara sabon aiki a Django (kayan gina shafukan intanet), ke haifarwa na gwaji ne, bai kamata ya hau sabar ba. DEBUG, yanayin nuna bayanan kuskure, a kunne yake zuwa, ALLOWED_HOSTS, jerin adireshin da aka yarda shafin ya amsa, babu komi ciki, rumbun bayanai SQLite. Ina ingancin?

Hadiza: Yaya Lawali, ai ba ɓoye maka aka yi ba. Tun fitowar 3.2 a 2021, SECRET_KEY, mabuɗin sirrin shafin, da django-insecure yake farawa, don ka gani ka sauya. Ka buga manage.py check --deploy, zai lissafa maka gyaran da ya rage.

Lawali: Lissafi daban, aiki daban, ƙanwata. Ga yadda abin ke ɓaci. Yaro ya kashe DEBUG, sai shafi ya ba shi kuskure 400 don bai cika ALLOWED_HOSTS ba. Ya cika, sai CSS, fayilolin kwalliyar shafi, ta ɓace, shafi ya tsaya tsirara, domin Django ya daina raba waɗannan fayiloli da kansa, sai an tattara su da collectstatic an haɗa da mai raba su, Nginx ko WhiteNoise. Mai aiki na ta kira, sai ya sake kunna DEBUG ya tafi. Daga nan duk kuskure, shafin nan mai ruwan ɗorawa zai baje wa baƙo hanyoyin fayilolinka da layukan kod.

Malam Abdu: Ku bar batun tsaro tukuna. TIME_ZONE, saitin lokaci, da UTC (agogon duniya) yake zuwa, mu kuwa a Yamai awa 1 muke gaba. Cinikin da aka yi ƙarfe 00:30 na dare sai ya faɗa lissafin jiya, mai kanti ya ga kuɗi ba su daidaita ba, ya fara zargin yaron shago. Gyaran layi ɗaya ne, a sa Africa/Niamey. Laravel ma, wani kayan gina shafi irin Django, haka yake cikin config/app.php.

Hadiza: To Malam, wannan ba laifin kod ba ne, bai san garinku ba. Amfaninsa shi ne kariyar CSRF (hana aiko buƙatar jabu da sunan mai amfani) da sauran matakan kariya sun zo a jere daidai. Sabon hannu da ya tsara su da kansa, wallahi sai ya manta ɗaya.

Lawali: Na yarda da wannan. Amma scaffold na Rails fa, kod ɗin da shi ma wannan kayan gina shafin ke zubowa? Ayyuka 7 yake rubuta maka, har da destroy na goge bayani, ba ya tambayar wa ya shigo. Kuma index ɗinsa, shafin jeri, duk layukan tebur yake kwasowa lokaci guda.

Malam Abdu: Wannan kam sai an sa masa tantance mai shiga da raba shafuka kafin ya fita.