"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi": to wane ne mai ita?

Malam Sani Gwale: Jama'a, ina so mu auna wannan karin magana da wani labari na Ingila. Jack Judge ɗan garin Oldbury ne kusa da Birmingham, an haife shi a 1872, asalin gidansu daga Ailan. Kifi yake sayarwa a kasuwa kafin ya hau dandamalin gidajen nishaɗi, inda mawaƙa da 'yan barkwanci ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 30 ga Janairu 1912, a garin Stalybridge, aka ƙulla cacar sule biyar da shi a kan ba zai iya tsara sabuwar waƙa ya rera ta washegari ba. Ranar 31 ya rera "It's a Long Way to Tipperary" a gidan wasa na Grand (Tipperary gari ne a Ailan), waƙar da daga baya ta zama ta macin sojojin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma ba a bakinsa duniya ta san ta ba. Mawaƙiya Florrie Forde ta ɗauke ta a 1913, mawaƙi John McCormack ya sa ta a faifan garmaho a Nuwamba 1914. Shin karin maganar ba ta faɗi a nan ba?

Hajiya Uwani: Malam, ba ta faɗi ba, kai ne ka kai ta inda ba ta zuwa. Hausawa ba zaƙin murya suke nufi ba. Yaushe ake faɗinta? Sai an taru ana ba da labarin wani abu, wanda abin ya faru a kansa ya shigo, sai mai magana ya yi shiru ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ma'ana, ga mai cikakken bayani ya zo. Daɗin nan na sahihanci ne.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, idan haka ne ma Judge ya fi ba mu wahala, domin masu ita biyu ne, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. A takardar waƙar da kamfanin Bert Feldman ya buga a 1912 sunaye biyu ne: Judge da Harry Williams. Williams maƙwabcinsa ne a Oldbury, ya samu nakasa tun yana yaro sakamakon faɗuwa, ba ya hawa dandamali, amma ya iya kaɗa fiyano. Judge ya ce shi kaɗai ya tsara waƙar a daren nan, ya sa sunan Williams ne don cika alkawari, saboda Williams yana ranta masa kuɗi lokacin da babu. Dangin Williams kuwa sun ce tun 1909 su biyun suka rubuta ta da sunan Connemara, wani yanki na Ailan, Judge ya sauya sunan wurin kawai ya ci cacarsa. Williams ya rasu a 1924, Judge a 1938. Wanne baki za mu saurara?

Hajiya Uwani: Duka biyun. Karin maganar ta ce a ba mai abu dama ya faɗa, ba ta ce a rufe bincike ba.

Baba Makaɗi: 'Ya'yana, ku bar ni in shiga ta ɓangaren sana'ar, domin a can "mai ita" ya rabu gida uku. Na farko mai tsarawa. Na biyu mai rerawa: a gidajen nishaɗin Ingila na wancan zamani mawaƙi yakan sayi izinin rera waƙa daga marubucinta, sau da yawa a kan fam ɗaya da sule ɗaya, daga nan ta zama tasa a dandamali, wani bai isa ya taɓa ta ba. Shi ya sa a bangon takardar za ka ga hoton mai rerawa ƙato, sunan marubuci ƙarami. Na uku kamfanin ɗab'i, wanda ke buga kalmomi da rubutun kiɗa ya sayar, galibi sisi sisi, mutane su kai gida su kaɗa a fiyano. A nan kuɗin yake. Kuskuren da ya cinye marubuta da yawa shi ne sayar da waƙa kacokan a karɓi kuɗi nan take, maimakon a rubuta yarjejeniyar kaso a kan kowace takarda da aka sayar. In waƙar ta mutu, ka ci riba. In ta tashi, kana kallo. Dokar haƙƙin mallaka ta 1911 ce ta kawo kaso a kan faifai, ƙungiyar PRS mai karɓar kuɗin rera waƙa a bainar jama'a kuma sai 1914 aka kafa ta.

Malam Sani Gwale: Baba, ashe wadda ta dace ita ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba Makaɗi: Ta dace da wasu, amma kada ka ɗora wa Feldman ita kai tsaye. Gardi a wannan karin maganar bai wahala ba. Shi kuwa mai ɗab'i ya biya kuɗin buga takardu, ya sa an rubuta wa kowane makaɗi nasa ɓangaren kiɗan, ya bi manyan mawaƙa har suka karɓi waƙar. Ba don an kai ta bakin Forde ba, da wataƙila ta tsaya a ƙananan gidajen arewacin Ingila. Kuma ku lura da ginin waƙar, shi ne ya sa ta bar hannun masu ita. Baitocin labarin wani ɗan Ailan ne da ya je Landan yana begen budurwarsa, ba ruwansu da yaƙi, kuma kaɗan ne suka haddace su. Amshin ne ya tafi. Gaɓa 32 ne, kowace gaɓa bugu biyu, wato bugu 64. Sojan ƙasa na Ingila yana taka sau 120 a minti, saboda haka amshi ɗaya taku 64 ne, rabin minti da 'yan daƙiƙu, ƙafar hagu na faɗawa a kan bugu mai nauyi. Layin farko ya dawo a na uku, kalmomin kaɗan ne, karin bai hau inda maƙogwaron talaka zai gaza ba. Inda marubuta ke ɓata amshi ke nan: su cusa kalmomi har babu wurin numfashi, ko su ɗaga karin sama, sai 'yan kallo su yi shiru su bar mawaƙi shi kaɗai. A waɗannan gidajen, amshin da jama'a ba su karɓa ba ya mutu a daren.

Ɗan Maraɗi: Wannan ya bayyana abin da ya faru a garin Boulogne na Faransa a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 13 ga Agusta 1914 wakilin jaridar Daily Mail, George Curnock, ya ga sojojin Connaught Rangers, 'yan Ailan, suna maci suna rera ta. Jaridar ta buga labarin ranar 18. Mutanen da ke nesa da gida suna waƙar nisan gida. Ni a ganina a ranar su ne masu ita, kuma a bakinsu ta fi daɗi. Karin maganar ta tsaya daram, sai dai "mai ita" shi ne wanda waƙar ke faɗin halin da yake ciki.

Hajiya Uwani: Wannan fassarar ta ratsa ni, ɗan'uwa, amma faɗaɗawa ce, ba asalin amfani ba. Idan ka faɗe ta haka a zaure, za a ɗauka kana nufin a kira Judge ya ba da labari da kansa.

Malam Sani Gwale: Mutanen Stalybridge dai sun zaɓi duka biyun. Mutum-mutumin da suka kafa a garin ya nuna Judge zaune da takardar waƙa a hannu, wani sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya na tsaye a bayansa. A Warwickshire kuma, mashayar da iyalan Williams suka riƙe, wadda da ake kira Plough, yanzu sunanta Tipperary Inn.