Akwatin bango na kayan intanet: 6U zai isa?

Ɗan Fagge, Jidda:
Assalamu alaikum. Maigidana ya ɗora mini haɗa intanet a ofishinmu na jigilar kaya. Kayan su ne suwici (na'urar raba layin intanet ga kwamfutoci) mai ƙofar kebul 24, rauta, na'urar naɗar kyamarori, sai UPS, wato na'urar batiri mai riƙe kaya in an ɗauke wuta. Ɗakin ƙarami ne, shi ya sa nake son akwatin bango, wanda ake auna tsayinsa da U. 6U zai isa, ko in ƙara kuɗi in ɗauki 9U?

Baban Zainab, Makka:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ɗauki 9U, ko ma 12U. Kowane U santimita 4.45 ne kacal, kuma allon jera kebul da layin soket za su cinye biyu tun kafin ka saka komai. Faɗi ba ya ba da wahala, inci 19 ne duka. Zurfi ne ke kunyata mutum. Mai santimita 45 yakan matse kebul a baya har ƙofa ta ƙi rufuwa, nemi mai 60. In maigidan naka zai sayo uwar garke (babbar kwamfutar ajiye bayanai) nan gaba, yawancinsu sun wuce 60, sai akwatin ƙasa.

Hajiyar Kwamfuta, Riyad:
Malam, bangon na bulo ne ko jibsin? In jibsin ne kada ka soma rataya UPS, batirinsa dalma ne, nauyi gare shi. Ajiye shi ƙasa. Sannan ka tabbata akwai fanka a saman akwatin, domin ranar Juma'a ana kashe AC, kayan kuwa suna aiki.

Ɗan Fagge, Jidda:
Bulo ne, Hajiya. Na gode, Yaya, 12U mai zurfin 60 zan nema.