Da gaske ne igiyar rediyo tana kashe ƙwarin wake?

Ɗan Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum. Ni sana'ata wake a nan Gombe, ina saye da kaka in ajiye zuwa bazara. Kowa ya san aikin ƙwaro: ka kwance bakin buhu ka tarar wake ya huje, gari na bin hannunka. Masu zuba fiya-fiya kuma su suka ja mana Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Yaron wajena da ke jami'a ya ce min a ƙasashen waje ana kashe ƙwaron da igiyar rediyo, ba magani ko ɗigo. To ni rediyon da na sani labarai yake kawowa. Yaya abin da ba wuta ba garwashi zai ɗumama hatsi? Kuma in haka ne, mu da ke kwana kusa da eriyar waya fa?

Malamin Fizik, Kumo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka ya faɗi gaskiya, kuma sirrin yana cikin ruwa. Kowace ƙwayar ruwa, wadda ido ba ya gani, gefenta ɗaya na da cajin lantarki na wani iri, ɗaya gefen na da kishiyarsa. Igiyar rediyo kuwa ƙarfin lantarki ce mai juya alƙibla ba tsayawa. Da ta ratsa abu mai danshi, sai ƙwayoyin ruwan su dinga juyi suna binta, suna gogar maƙwabtansu, gishirin da ya narke a ciki shi ma yana kai da komo. Wannan gogayyar ce zafin, kamar yadda kake murza tafukan hannunka da sanyin hunturu.

Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef haka take aiki, igiyarta na juyi sau biliyan 2.45 a sakan guda. Wani injiniya a Amurka, Percy Spencer na kamfanin Raytheon, shi ya gano haka a 1945 yana aiki da na'urar rada mai hango jiragen sama. Amma igiyar maikirowef santimita kaɗan take shiga cikin abinci. Don hatsi mai yawa sai a koma megahaz 27.12 (igiya mai juyi sau miliyan 27.12 a sakan guda), wato wajen mita 11 a lissafin masu sauraron gajeren zango, don ita tana ratsawa can ciki.

Abin da ya fi burge ni a nan: busasshen wake ruwansa kaɗan ne, tsutsar da ke cikinsa kuwa jikinta ruwa ne da gishiri. Kuma ba sai zafi ya taso daga waje ya ratsa ɓawo ba, a cikin ƙwayar yake tashi, inda tsutsar ta ɓuya. Masu bincike a Jami'ar Jihar Washington sun gwada a kan dangin wake, zafin digiri 60 na kamar minti 10 ya isa kashe ƙwaron.

Batun eriya, ka kwanta da hankalinka. Na'urar kashe ƙwaron tana tara dubban wat ne a ɗan wuri tsakanin faranti biyu na ƙarfe. Eriya kuwa watsa nata take yi ko'ina, kafin ya iso ɗakinka ya yi raunin da ba zai ɗumama ko cokalin ruwa ba.

Maman Hanifa:
Malam ya yi bayani. Ni gashin ƙashi na karanta, kuma da wannan megahaz 27.12 ɗin muke gasa gwiwa da ƙugu, zafin ya kai ga tsokar ciki inda tsumma da ruwan zafi ba sa kaiwa. Shi ya sa kafin mu kunna sai mun tambaya: akwai ƙarfe a jikinka? Akwai na'urar bugun zuciya? Mai juna biyu ma ba ma sa ta. Likitoci kuma suna soka siririyar allura cikin ƙarin hanta su ƙone shi da irin wannan ƙarfin, ba tare da an yanka mutum ba.

Malamin Fizik, Kumo:
Haka ne, Hajiya. Abin ma ya wuce asibiti. A kudancin Faransa ana gina wata katafariyar na'urar gwaji mai suna ITER, inda ake son haɗe ƙwayoyin haidirojin su ba da makamashi irin na rana. Sai iskar haidirojin ɗin ta kai digiri miliyan 150, kuma ba murhun da zai yi wannan. Cikin hanyoyin da aka tanada akwai harba mata igiya mai gigahaz 170 (juyi sau biliyan 170 a sakan guda), wadda aka daidaita da saurin kewayen ƙwayoyin lantarki a cikin maganaɗisu, don su sha ƙarfin kai tsaye. Ina son ɗalibaina su riƙa jin wannan, domin darasin da suke gani busasshe a allo shi ne ke gasa gwiwar kakarsu.

Malamin Gona, Bajoga:
Alhaji, ilimin gaskiya ne, amma kada ka sa rai da shi bana. Na'urar na da tsada, tana son wuta tsayayya, kuma ka san halin da muke ciki. Sannan zafin ba ya tashi daidai ko'ina, wani gefen ya yi yawa, wani gefen ƙwaro ya tsira, sai an haɗa da iska mai zafi. Ko an kashe ma, ba abin da zai hana sabon ƙwaro shiga in buhun a buɗe yake. Ka shanya waken ya bushe ƙayau, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban. Kada ka buɗe sai ranar sayarwa.

Ɗan Tudun Hatsi:
Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Buhun zan saya. Amma Malam, in ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta haɗa kuɗi, na'ura ɗaya buhu nawa za ta iya yi a wuni, kuma sola za ta ɗauke ta?