Neman shawara: ina so in fara naɗar jita a ɗakina, amma kuɗina ba yawa

Mai tambaya, daga Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sauti. Jita biyu gare ni: ta katako wadda na koyi kiɗa da ita, da ta lantarki 'yar hannu da na saya tare da ƙaramar amfilifaya. Da waya nake ɗaukar duk abin da na kaɗa, amma in na saurara sai in ji sautin a shaƙe, ga kukan fanka, ga amsa-kuwwar ɗaki. Ina da tsohuwar kwamfutar cinya mai Windows 10, kuma na tara naira dubu 150. Wani mai shago ya ce in ɗauki saunkad V8 (ɗan akwatin da ake jona makirfo ya shigar da sauti cikin waya ko kwamfuta) da makirfo BM-800, wai da su 'yan TikTok suke aiki, har canji zai ragu. Abokina kuma ya ce kada in kuskura. Ni ba kundin waƙoƙi zan fitar ba. So nake in ɗora jita biyu a kan juna, ɗaya ta riƙe kiɗa ɗaya ta yi yawo, in sa a YouTube. Me ya kamata in fara saya?

Mai situdiyo, Kano:

Wa alaikumus salam ƙanina. Abokin nan naka ka riƙe shi da kyau. V8 don masu hira kai tsaye aka yi shi, shi ya sa ka gan shi cike da maɓallan tafi da dariya. Ba a yi shi don jita ba, kuma araha ba ta ado.

Abin da za ka fara saya shi ne saunkad na naɗar sauti, wanda yake da ramin jita. Za ka ga an rubuta INST ko Hi-Z a jikin ramin ko a maɓallin da ke kusa da shi. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki suna da irin mashigar da suke so. In ka cusa su ta ramin makirfon kwamfuta, ƙarfin sautin da kaifinsa duk zubewa suke yi a hanya. Masu sauƙin kuɗi da ake samu a kasuwanninmu su ne Behringer UMC22, da M-Audio M-Track Solo, da Behringer UMC202HD, sai Focusrite Scarlett Solo a samansu. Dukkansu daga USB ɗin kwamfuta suke shan wuta, saboda haka ko an ɗauke wutar gari aikinka bai tsaya ba.

Tunda ɗora jita kan jita za ka yi, babban abokin gabanka shi ne jinkiri: ka taɓa tsirkiya, sautin ya iso kunnenka a makare, sai ka kasa bin kiɗan da ka riga ka naɗa. A Windows maganinsa direba ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa saunkad da kwamfuta, irin wanda ake kira ASIO. UMC202HD da Scarlett kowanne yana da nasa direban daga kamfani. UMC22 da ƙaninsa UM2 kuwa da wani direban gama-gari mai suna ASIO4ALL ake lallaɓa su; yana aiki, amma wata rana sai ka yi ta fama da saiti. Shi ya sa in ni ne, UMC202HD zan nema ko da na hannu ne, ga shi kuma rami biyu gare shi, gobe in ka samu makirfo za ka ɗauki murya da jita a tare. Scarlett sabo zai cinye kuɗin nan naka ƙaf, wataƙila har ka ciko. Farashin kayan nan dala yake bi, ka zaga shago biyu uku kafin ka ciro kuɗi, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya tambayo maka a kasuwar Alaba ta Legas.

Abin da ya rage ka sayi hedifon mai waya wanda yake rufe kunne ruf, da kebul ɗin jita mai kauri wanda bai wuce mita 3 ba. Kada ka yi aiki da hedifon na Bluetooth, jinkirinsa ya fi ƙarfin saiti. Lasifikar situdiyo kuwa ka manta da ita tukuna.

Makaɗin coci, Jos:

Na yarda da yayanmu na Kano, sai dai ya bar jitar katako a baya. Ita in ba ta da ramin kebul, dole sai da makirfo, kuma a nan mutane suke asarar kuɗi. Kowa makirfon kwandensa yake so, irin su AT2020, don ya ga hotonsu a situdiyo. Makirfo ne mai kyau, yana buƙatar wutar 48V da saunkad ɗin zai ba shi, amma kunnensa ya cika kaifi: zakaran maƙwabta, A Daidaita Sahu, yaran layi, duk sai sun shiga waƙarka. A ɗakin da ba a gyara ba, makirfon dainamik, wanda kunnensa bai kai haka kaifi ba, ya fi rufa asiri. Shure SM57, wanda dainamik ne, tun 1965 ake aiki da shi a gaban amfilifaya, kuma jifa ɗaya ba ya kashe shi. Amma ka sani jabunsa ya cika kasuwa. Na gaskiya wajen dala 100 ne a Amurka, to duk wanda ya miƙo maka sabo a kwali a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi, ka gode masa ka wuce.

Kafin ka samu kuɗin makirfo ma, gwada wannan da wayarka yau. Kada ka saita ta a bakin babban ramin da ke tsakiyar jitar, nan ne sautin yake kumbura ya toshe. Ka saita ta wajen da wuyan jita ya haɗu da jikinta, kusa da gaɓa ta 12 zuwa ta 14 cikin gaɓoɓin da ke jere a wuyan, da tazarar kamar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka kashe fanka. Sannan don Allah ka canja tsirkiyoyi. Tsohuwar tsirkiya mai tsatsa ba injin da zai dawo mata da murya, kuma saitin sababbi shi ne abu mafi araha a duk lissafin nan. Da hunturu kuma ka riƙa mayar da ta katakon cikin jakarta, bushewar iska tana tsaga katako.

Wani ɗan uwa:

Ka manna kiret ɗin ƙwai a bango, haka na ga ana yi.

Makaɗin coci, Jos:

Malam, kiret ba ya hana ƙarar waje shigowa, kyankyasai kawai zai tara masa. Abin da ke shanye amsa-kuwwa abu ne mai kauri da laushi. Ya jingina katifa a bango, ya shimfiɗa darduma in ƙasan tayil ne ko siminti, ya rataya bargo a bayansa, ya buɗe wadirof ɗin kaya ya fuskance shi. Bai kashe ko sisi ba.

Mai gyaran kayan wuta, Kaduna:

Ni ba makaɗi ba ne, amma masu kiɗa suna kawo mini kayansu, kuma kukansu ɗaya ne: wani "zuuu" da ba ya yankewa. Yawanci ba laifin saunkad ba ne. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, jitar lantarki kuma, musamman mai siraran maganaɗisu irin ƙirar Stratocaster, tana tsinto wannan kaɗawar daga iska. Ƙari a kan haka, gidaje da yawa ba a haɗa musu wayar da ake binnewa a ƙasa ba, ga ƙananan caja marasa kyau, ga janareta da inbata masu fitar da wuta mai datti.

In za ka naɗa, ka cika batirin kwamfuta, ka zare caja daga jikinta gaba ɗaya. Ka nisanci sitabilaiza da talabijin da soket ɗin da aka cika da caja. Sai ka sa hedifon, ka riƙe jitar ka juya a hankali a kan kujera. Akwai kusurwar da za ka ji ƙugin ya faɗi, to a nan za ka zauna. Idan batirin kwamfutar ya mutu, canja shi yana cikin kayan naɗar da za ka saya.

Wani abu kuma da ba wasa ba: in ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan jan ka alhali amfilifaya tana jone da wuta, ka kashe ta nan take ka kai a duba. Kada ka ce za ka saba.

Ɗan Agadas mazaunin Damagaram:

Salamu alaikum. Ni dai ra'ayina ya bambanta. A wajenmu jitar da ta zaga Sahara ba ta jira situdiyo ba. A salula aka ɗauke ta wajen biki, aka yi ta tura ta daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har ta kai Turai da Amurka. Daɗin jitar lantarki yana bakin amfilifaya, inda take ɗan kuka. In ka bi ta kebul kai tsaye cikin kwamfuta, sai ta fito a bushe. Ka nemi ƙaramin rakoda Zoom H1n. Batiri biyu ƙanana yake ci, makirfo biyu ne a kansa, yana ajiye sauti a katin memori. Ka aje shi gaban amfilifaya ko gaban ta katakon, shi ke nan, ba ruwanka da wuta ba ruwanka da direba. Kuma kana iya fita da shi bayan gari inda babu hayaniya.

Mai situdiyo, Kano:

Gaskiya ne ɗan uwa, H1n abin kirki ne, ga wanda zai ɗauki taron makaɗa a zaune ɗaya ma ya fi. Amma dubi abin da yaron nan ya ce yana so. Rakodan yana iya ɗora sauti kan sauti, sai dai haɗe su yake yi wuri guda. In jita ta biyu ta danne ta farko, ba ka da yadda za ka rage ta daga baya. A kwamfuta kowace jita layinta daban. Maganar bushewa kuma an wuce wurin, akwai manhajojin da ke kwaikwayon amfilifaya, wasunsu kyauta. Kuma da su zai yi kiɗa ƙarfe ɗayan dare a hedifon, mutanen gida ba su sani ba.

Wata 'yar uwa, Abuja:

Yayana, a kan manhaja kada ka kashe ko kwabo yanzu. Audacity kyauta ce, tana da kyau wajen yanka da gyara, amma don ɗora jita kana jin kwaikwayon amfilifaya a kunne, Reaper ta fi. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta, ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisinta na mai aikin gida dala 60 ne. Ka haɗa ta da Neural Amp Modeler mai kwaikwayon amfilifaya, shi ma kyauta. A cikin saiti ka sa bafa (buffer, saitin da ke rage ko ƙara jinkiri) a 128, in ka ji sauti yana tartsatsi ka ɗaga zuwa 256. Wajen ɗauka kuma kada ka bari fitilar saunkad ta yi ja. Ka bar mafi ƙarfin bugunka yana tsayawa wajen -12 zuwa -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi, wanda ya fashe kuwa sai dai a sake. Ka guji manhajojin sata da ake zuba wa mutane a filashi, da ƙwayar cuta suke zuwa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa V8. Zan nemi UMC202HD da hedifon da kebul da tsirkiyoyi, makirfo ya jira. Na zare caja na gwada juyawa a kujera da amfilifayar kamar yadda baban Kaduna ya ce, ƙugin ya ragu sosai. Tambaya ta ƙarshe: in na samu na hannu, yaya zan gane lafiyarsa ƙalau?

Mai situdiyo, Kano:

Ka sauke direban daga shafin kamfanin tun a gida, ka tafi da kwamfutarka da jitarka da hedifon, kada ka yarda da "ai yana yi". Ka jona jitar a kowane rami, ka murɗa kowane maɓalli daga farko har ƙarshe kana saurare. In ka ji ƙaras-ƙaras, ƙura ko tsatsa ta shiga. Ka ɗan girgiza kebul ɗin USB a bakin raminsa ka ga ko zai yanke. Ka tabbata kunnen hagu da na dama duk suna fita. Ka danna 48V, in akwai kwandensa a shagon ka ara ka gwada, don ranar da za ka sayi naka. Sannan ka naɗa minti biyar cur ka saurara a wurin, saboda wani ciwon sai na'urar ta ɗau zafi yake fitowa. In mai kayan ya hana ka gwaji, ka bar masa abinsa.