Kabewata tana ta yaɗo amma 'ya'yan suna zubewa

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a agaza min. Haya muke a Makka, ba tsakar gida sai saman bene. Surukata ce kullum zancenta miyar taushe, wai kabewar nan ba ta da garɗin ta gida, har sai da ƙanina ya zo Umra ya taho min da iri daga Kano. Da ma ni da ita sai a hankali, na ce bari in faranta mata. Na shuka a bokitan fenti, na ɗaura igiyoyi ta hau bango. Yaɗo kam ba a magana, fure kullum, amma 'ya'yan da sun kai ƙwai sai su yi rawaya su faɗi.

Baba na Mai Wurno: Wa alaikumus salam. 'Yata, barbara ce babu. Furen kabewa iri biyu ne: macen tana da ɗan ƙwallo a gindi, namijin sanda ce kawai. Ƙudan zuma ke haɗa su, to wane zuma zai hau miki bene? Bayan asuba ki tsinki namijin, ki ɓare shi, ki goga a cikin macen kafin hantsi, don furen rufewa yake.

Hajiya ta Jidda: Baba a yi haƙuri, zafi ne. In ya haura digiri 35 ko an goga ba ta cika kamawa ba, ga bango yana gasa ta. Ki bari sai Oktoba ki sake. Ni kam na daina, mai gadin gidanmu ya zubar min da tumatir wai ruwa na ɗiga, alhali wankin matarsa ne.

Baba na Mai Wurno: Hajiya, Sudan sanyi gare ta? A can Mai Wurno take, a bakin kogi na noma kabewa tun ba a haife ku ba.

Ummu Salma: Guda nawa a bokiti? Ɗaya ake bari, ita ma bokitin ya yi mata kaɗan. Ki huda ƙasansa, ki riƙa tara ruwan AC, ba shi da gishiri. In ta kama, ki goye ɗan da tsohon kallabi ki ɗaure a ƙarfe, igiyar shanya ba za ta ɗauka ba.

Maman 'Yan Biyu: Uku-uku ne, kuma gaskiya ba zan tuge ko ɗaya ba, irin daga nesa ya zo. Ganyen ma kore shar. Oktoba kuwa ta yi nisa, na riga na yi wa tsohuwa alkawari.

Baba na Mai Wurno: Ki yi abin da na ce kawai. Har yanzu ba ki faɗi watan da kika shuka ba.

Hajiya ta Jidda: Wai mai gidan ma ya san da bokitan nan?

Maman 'Yan Biyu: Ai bai taɓa hawa saman ba.